FILIN SANA'A: Inji ke yanka, hannu ke gamawa

Ga rani ya kawo kai, samari da yawa sun fara ɗaurin kaya za su ci rani. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana bisa wata sana'a da na gani da idona a nan Gudal, inda nake karantar da manya yaƙi da jahilci. Sana'ar ita ce yanka ƙananan kayan ado na ƙarfe da inji, da gyara su har su shiga kasuwa.

Ga wanda bai san Gudal ba, tsohon garin Zabarmawa ne a bakin kogin Isa. Birnin Yamai ya yi ta girma har ya haɗe shi, ya zama unguwa. Nan ake tace ruwan pampo da mutanen birni ke sha, kuma akwai gidan kuran. Gada ta uku, mai sunan Janar Saini Kunce, wadda anka buɗe a shekarar 2021, kusa da mu take. Ɗalibaina na dare akwai masu lambu, da masu gadi, da ƴan ga-ruwa. Yawancinsu ƴan cin rani ne daga Dogonduci, da Birnin Konni, da Filinge.

Labarin ɗan maƙera

A cikinsu akwai wani saurayi ɗan maƙera daga ƙasar Arewa. Ubansa maƙerin baƙi ne, mai ƙirar hauya da lauje da gatari. Yaron ya samu wurin koyon aiki a wani shagon walda, inda ake ƙofofi da tagogi. Wani dare ya zo aji ya zauna can baya, idanunsa jajur, hawaye na zuba. Na ce mashi: "Ƙanena, lafiya? Rasuwa anka yi?" Ya ce: "A'a Malam, maigidana ne ya sayo sabon inji. Na tsaya ina kallon wutarsa ba tabarau. Yanzu ji nake kamar an zuba mani yashi a ido."

Na sa anka raka shi gidan likita. Bayan kwana biyu idon ya huce. Da ya warke ya ce: "Malam, zo ka ga abin da ya kama ni." Gani ya kori ji, sai na bi shi.

Mene ne wannan inji?

Sunansa injin filasma. Akwati ne wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka. Yana shan kuran, kuma yana shan iska daga wani injin matsa iska, irin na masu gyaran taya. Igiya biyu ke fita daga jikinsa. Guda tana da baki kamar awartaki, ana maƙala ta a jikin ƙarfen da za a yanka. Guda kuma tana da kai mai ɗan ƙaramin rami kamar na allurar ɗinkin buhu. Idan anka danna, kuran ya yi tsalle daga kan nan zuwa ƙarfe, ya ratsa cikin iskar da ke fita da ƙarfi. Iskar ta yi zafi har ta zama wuta. Wannan iska mai wuta ita ce masana ke kira filasma.

Kowane manomi ya san filasma, ko da bai san sunanta ba. Walƙiyar da kuke gani da damina ita ce: kuran na sama ne ke ratsa iska. Wannan inji ƙaramar walƙiya ce da mutum ya riƙe a hannu.

Ku dubi zafinta. A watan Afirilu, zafin Yamai yakan kai awo 45, kowa na neman inuwa. Baƙin ƙarfe yana narkewa wajen awo 1.500. Wutar wannan inji kuwa tana wuce awo 20.000. Shi ya sa ƙarfe ke narkewa nan take, iska ta hure narkakken ta ƙasa, ta bar siririyar hanya kamar an ja layi da alƙalami. Yana yanka duk ƙarfen da kuran ke bi: baƙin ƙarfe, da sanholo na tukwane, da jan ƙarfe, da farin ƙarfe marar tsatsa. Ba ya yanka itace, ba ya yanka roba.

A Amurka anka ƙago dabarar. Wani masani mai suna Robat Gej ya samu takardar shaidar ƙago ta a shekarar 1957. Da farko manyan masana'antu kaɗai ke da shi. Daga baya anka yi ƙanana masu aiki da iska kurum, har sunka iso shagunan unguwa irin namu.

Abin da ake yi da shi

A shagon na ga raƙumin dawa na ƙarfe, irin waɗanda ke yawo a dajin Kure. Na ga raƙumi da sa mai dogon ƙaho. Na ga taswirar Nijar, da siffar gicciyen Agadas babba ta ratayawa a bango. Akwai furanni na liƙawa a ƙofa, da lambar gida, da maratayin makullai, da murfin fitila mai huji-huji. Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye: ƙarfen sa ma shanu shaida, da allon suna na amalanke, da allon ƙofar rumbun tsimi na ƙungiya.

Ado da ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Maƙeran fari sun daɗe suna ƙera zobe da munduwa da kayan doki. Wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko ƙauyen masu sana'a na Wadata, zai tarad da su suna aiki. A cikin gidan tarihin nan ne anka ajiye itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi har wata mota ta kaɓe shi a shekarar 1973. A gurbinsa, can cikin hamada, itacen ƙarfe anka kafa.

Yadda ake yanka

Na ɗaya, zane. Ana zana siffar bisa kwali, a yanke ta da almakashi, a ɗora bisa faifan ƙarfe, a bi gefenta da alli. Wanda hannunsa ke rawa sai ya yi siffar da katako, kan injin ya riƙa bin gefen katakon.

Na biyu, zaɓen ƙarfe. Don kayan ado, tol mai kaurin milimita 2 ko 3 ya isa. Wanda ya fi haka siranta yana lanƙwashewa da zafi.

Na uku, a maƙala igiyar awartaki a wurin da anka kankare, ba fenti ba tsatsa. In ba haka ba wutar za ta riƙa ɗaukewa.

Na huɗu, iska ta zama busasshiya. Ruwa yana taruwa a cikin tulun injin iska, balle mu da ke bakin kogi. Kullum da safe a buɗe ƙasansa a zubar. Iska mai laima tana cinye bakin injin da wuri, kuma bakin nan saye ake yi.

Na biyar, tafiyar hannu. A riƙe kan a miƙe, tsakaninsa da ƙarfe kamar milimita 2. A dubi tartsatsi. Idan yana fita ta ƙasa, aiki na kyau. Idan yana dawowa sama, an yi gaugawa, wuta ba ta huda ba. Idan kuma anka yi nawa, hanyar ta yi faɗi, kashin maƙera ya taru a ƙasa. A fara da ramukan ciki, a ƙare da gefen waje.

Raƙumin dawa mai tsawon taki guda, kafin ka sha kofin shayi an yanke shi. A maƙera da guduma, wuni ne.

Inda karatu ya shigo

Wata rana wani mai gida ya ce a yanka mashi allon ƙofa mai cewa MARABA DA BAƘI. Ɗalibina ya yi murna, don ya iya baƙaƙe. Ya zana, ya yanka. Sai cikin A da na B da na D da na R duk sunka faɗo ƙasa, sunka bar ramuka. Dalili kuwa, waɗannan baƙaƙe suna da ciki a rufe. In ka zagaye shi da wuta, ba abin da ke riƙe da shi. Dole a bar mashi ƴar gada wadda ke haɗa ciki da waje, mai faɗin kamar milimita 5.

Ya sake wani. Wannan karo baƙaƙen sun tsaya, amma ya mance da ƙugiyar Ƙ. Ya kawo mani aji yana fahari. Na ɗaga allon na ce a karanta. Wani tsoho mai gadi ya karanta da ƙarfi: "Maraba da baki!" Aji ya fashe da dariya. Tsohon ya ce: "Wannan gida na masu surutu ne." Tun daga ran nan ba wanda ya sake raina ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a ajinmu. Kuskure bisa allon aji ana share shi da tsumma. Kuskure bisa ƙarfe kuɗi ne.

Asarar da ta koya mashi hankali

Da hannunsa ya faɗa, sai ya tara kuɗin cin raninsa ya sayi tol, ya biya maigidansa ladan inji, ya yanka raƙuma da furanni masu yawa. Yana gaugawa don damina ta kusa, yana son ya koma gida shuka. Bai goge su sosai ba. Ya shafa fenti kai tsaye, shafi ɗaya mai kauri. Ya kai ma wani mai tebur, anka yi alkawarin biya bayan an sayar.

Ruwa biyu anka yi. Da ya koma karɓar kuɗi, sai mai tebur ya turo mashi kayansa cikin buhu. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, tsatsa ta fito ja. Wata mata ma ta yanke yatsa da gefen fure guda. Kuɗin da ya so ya sayi taki da iri da su sun tafi. A shekarar nan sai bashi ya ci kafin ya yi shuka.

Ya tafi gida da buhun. Da kaka ya dawo tare da ubansa, wanda ya zo ganin likitan ido. Na je gaishe shi. Na ce: "Baba, yaya ka ga aikin inji?" Tsoho ya ɗauki raƙumi guda, ya shafa gefensa da babban yatsa. Ya ce: "Malam, injin nan ya iya yanka, ban musa ba. Amma wannan ba a gama shi ba. Ni ko lauje na ƙera, ba ya barin hannuna sai na bi shi da magagari, na shafe shi da mai. Yaron nan ya ɗauko tuwo daga wuta bai tuƙa ba."

Ashe da damina, bayan an tashi daga gona, tsohon ya sa shi ya zauna sunka gyara kayan buhun nan ɗaya bayan ɗaya, a maƙerar ƙauye, ba kuran ba inji. Waɗannan kaya su ne anka saye a Yamai har ba su isa ba.

Yadda ake gamawa

Ga matakan, ku riƙe su da kyau.

1. A kakkaɓe kashin maƙera da ya maƙale a bayan yankan. Bugu kaɗan da guduma ko guntun ƙarfe mai kaifi yana fidda shi.

2. A bi gefe duka da magagari har kaifin ya mutu. Gwajinsa shi ne a ja tsumma a gefen. In ya kama zare, da saura.

3. A fidda tsatsa da baƙin ɓawon da ke bisa sabon tol. A jiƙa kayan kwana guda cikin ruwan tsami na kwalba, wanda ake kira binegar. Ruwan tsamiya mai kauri ko na lemun tsami ma yana yi, sai dai ya fi jinkiri. A wanke da ruwa da sabulu, a shanya a rana nan take. In anka bar shi da laima, kafin la'asar tsatsa ta komo.

4. A goge da takarda mai yashi, a fara da mai kaushi, a ƙare da mai laushi. Daga nan kada a sake taɓa fuskar da hannu mai maiƙo, don fenti ba ya kama maiƙo.

5. A zaɓi rigar da za a sa mashi. Riga iri uku ce.

Ta fari ita ce fenti. A fara da jan fenti mai hana tsatsa, a bari ya bushe sarai. Sa'an nan a shafa mai launi, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. A yi shafin a inuwa, inda ba ƙura. Ranar da buji ya taso, a haƙura.

Ta biyu ita ce baƙin mai, irin na kakanni. A ɗumama ƙarfen bisa garwashi, kada ya yi ja. A ɗauke da awartaki, a shafe shi da tsumma mai man gyaɗa. Zai yi hayaƙi, ya yi duhu. A maimaita sau uku ko huɗu, sai ya zama baƙi mai sheƙi. Wannan ya fi dacewa da kayan cikin ɗaki, kuma lokaci lokaci ana sabunta man.

Ta uku ita ce launin wuta. Idan anka goge ƙarfe ya yi fari tas, anka ɗora bisa garwashi, launinsa yana sauyawa. Wajen awo 230 ya yi ruwan karan hatsi. In zafi ya ƙaru ya yi ja mai duhu. Wajen awo 300 ya yi shuɗi kamar rinin baba. Da ya kai launin da ake so sai a ɗauke. Maƙera sun san wannan tun da daɗewa, da shi suke gane ƙarfin bakin wuƙa. Launin nan ba ya hana tsatsa, sai an bi shi da mai ko farin fenti mai kamar ruwa.

Ku lura, duk matakan nan biyar ba wanda ke bukatar kuran. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin kuran da ke zuwa mana, har zuwa watan Maris na 2024, injin shagon yakan wuni a kwance. Masu yanka sunka zauna suna hira. Mai magagari da garwashi kuwa bai rasa abin yi ba.

Gargaɗi

Rigakafi ya fi magani. Wanda zai matsa kusa da wannan inji ya kiyaye abu biyar.

Ido: kada a dubi wutar sai da baƙin gilashin walda. Tabarau na kasuwa ba ya tsare komi. A kori yara daga wurin. In ido ya kamu, a tafi gidan likita, kada a ɗiga mashi abin da ba likita ya bayar ba.

Hayaƙi: farin tol na rufin ɗaki yana da wani shafi a jikinsa. In anka yanka shi yana fidda farin hayaƙi mai sa masassara da ciwon kai da dare. Masu walda na cewa shan madara yana maganinsa. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu. A yi aiki a fili, iska na kaɗa hayaƙin nesa da fuska.

Tano: kada a kuskura a yanka tano, wato duro, wanda ya taɓa ɗaukar esansi ko gazuwal ko maganin ƙwari. Ko ya yi shekara a bushe, tururin da ya rage ciki yana iya fashewa ya kashe mutum.

Gobara: tartsatsi yana tafiya nesa. A nisanci zana, da kara, da harawa.

Jiki: a sa safar hannu ta fata da takalmi rufaffe, kada a tsaya bisa ƙasa mai ruwa. Rigar leda tana narkewa ta liƙe ma fata, a sa ta auduga.

Mu yi lissafi

Faifan tol mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kauri milimita 2, nauyinsa wajen kilo 31 ne. Idan kowane abin ado zai ci santimita 20 a tsaye, 20 a kwance, za a samu 10 a tsawo, 5 a faɗi. Sau 10 na 5, guda 50 ke nan.

Yanzu mu sa kuɗi na misali, irin na allon aji. Kowa ya sa na kasuwarsu a gurbinsu. Mu ce tol jika 20, ladan yanka jika 10, fenti da takarda mai yashi jika 5, kuɗin mota jika 5. Duka jika 40. In an raba ma guda 50, kowane ya tsaya a dala 160. Amma in guda 10 sunka lalace don gaugawa, saura 40, kowane ya tsaya a jika guda, tun ba a sa ladan wahalarka ba. Wanda bai iya wannan lissafi ba yana iya sayarwa da asara yana murna.

Shawarata

Ban ce kowa ya sayi inji ba. Kada wani ya sayar da san nomansa ko hatsin iri don wannan. Inda ba kuran, injin nan akwati ne kurum. Kuma kayan ado ba hatsi ba ne, ranar da aljihu ya bushe su ake fara bari. Sai a haɗa su da abin da ƙauye ke bukata kullum, kamar allon amalanke da ƙarfen shaida.

Abin da na ce shi ne, samari uku ko huɗu na gari ɗaya suna iya haɗa kai da maƙerin garinsu. Su yi zanensu, su kai birni mafi kusa inda akwai inji, a yanka masu a biya lada. Su komo da kayan gida, su gyara su a maƙera duk tsawon rani, kusa da iyalinsu da bisashensu. Su fara da kaɗan. Kafin su kai kasuwa, su rataya guda a waje ya sha raɓa da rana kwana da yawa, su ga ko rigarsa ta riƙe. Haka ɗalibina ke yi yanzu. Shi ke yanka a Gudal, ubansa da ƙannensa ke gamawa a gida.

Ga aikin wannan wata. Idan kowane abin ado zai ci santimita 25 a tsaye, 25 a kwance, guda nawa za a samu cikin faifan nan mai mita 2 da mita 1? Ku yi lissafin tare da malaminku, ku rubuto mana amsa da hannunku. Maƙeran da ke da wata dabarar hana tsatsa, su ma muna jiran wasiƙarsu, don sauran ƴan uwa su amfana.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.